Muntaka mai bin abin da ke hawa

Muntaka mutumin Zariya ne, akanta, ya tsufa a garin Largo na Amurka yana aikin ƙaramar hukuma. Amma zuciyarsa na kasuwar hannun jari. Duk ƙarshen wata sai ya jera kamfanoni a wayarsa, wanda farashinsa ya fi gudu a sama, mai jan ƙafa a ƙasa. Na sama ya saya, na ƙasa ya sayar, ba ya tambayar dalili.

Akwai wani kamfani mai ƙera taransifoma da injinan tashar lantarki da ya daɗe a saman jerin. Ko a gidan suna Muntaka sai ya kawo zancensa, tuwo na hucewa a gabansa. Da farashin ya yi tuntuɓe, ranar ya rabu da shi.

To da abin ya tsaya a waya, da sauƙi. Haka ya jera 'ya'yansa biyu. Afnan likita ce, ita ce a bakinsa kullum. Haidar kuwa ya bar jami'a ya koyi aikin lantarki, sai uban ya daina ambatonsa, kamar bai taɓa yanka masa rago ba. Uwarsu Sailuba ta yi ta faɗa har ta koma ga Allah.

Sai ɓarin jikin Muntaka ya shanye. Asibiti suka ce ko a sami mai zama da shi, ko a kai shi gidan tsofaffi. Wannan gidan Muntaka ya fi tsoro fiye da kabari: wa zai yi masa alwala, wa zai juya shi gabas?

Afnan ta zo da furanni. Ta ce, "Baba, yanzu aka fara ɗaga ni a wurin aiki. In na tsaya, wata za ta wuce ni. Na samo maka gida mai tsabta a Springfield."

Bai iya musa mata ba, karatunsa ne ta biya.

Da kyar ya sa aka kira Haidar. Yaron ya shigo da rigar aiki, sunan kamfanin taransifoman nan a ƙirjinsa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya goge masa yawun da ke zuba.

Muntaka ya ce, baki a karkace, "Ashe can kake aiki?"

"Tun kafin Umma ta rasu, Baba. Ba ka tambaya ba ne."

"Za ka zauna da ni?"

Haidar ya ce, "Sun mayar da ni Texas, matata da yara har sun tafi. Da na san kana nemana, da ban karɓa ba."

Aka kai shi Springfield. Gadonsa yamma yake kallo. Da ƙarshen wata ya lallaɓa wayar da hannun da ya rage, ya jera kamfanoninsa. Na taransifoma ya koma sama.