Ranar da Na Yi Maci da Bigila Marar Baki

Abubuwa da yawa na zamanin makaranta sun gushe mini, har fuskokin wasu malamai ba na iya tunawa, amma ranar bikin 'yancin kai da na yi maci a filin Gummi da bigila marar baki tana nan daram a raina, kuma na san da ita za a kai ni kabari.

A farkon shekarun tamanin ne, ina aji uku na sakandare. Makarantarmu ta samu kayan badujala, ganguna da bigila huɗu, aka ɗauko wani tsohon soja da muke kira Saje ya koya mana. Cikin mu huɗu da aka ba bigila ni na fara fitar da sauti. Na cika kumatu da iska, na danna bakin bigilar a leɓena da iya ƙarfina, sai ga wata ƙara da ta watsa awakin bayan aji. 'Yan ajinmu suka tafa, kaina ya kumbura. Kafin mako ya zagayo na gaya wa Inna da duk unguwarmu cewa ni zan busa ni kaɗai lokacin ɗaga tuta ranar ɗaya ga Oktoba.

Saje kam bai tafa ba. "Kai, wagga ba algaita ba ta," in ji shi. "Maida kumatunka ciki. Kuma bar danne leɓe haka, kashe shi kaka yi."

Kullum maganarsa ke nan: a ɗaure gefen baki, a bar tsakiyar leɓe ta yi rawa, a ɗora bakin bigila a tsakiya, iska ta taso daga ciki. Ni kuwa a gefe nake ɗorawa, in zan kai sauti sama in ja leɓe kamar mai yaƙe, in ƙara dannawa. Bayan minti goma leɓena ya kumbura, zoben ƙarfen ya fito raɗau a kansa, sautin ya mutu. Don wauta, wannan zoben nake nuna wa mutane a matsayin shaidar ƙwazo.

A cikinmu akwai wani ɗan Fulani daga wata ruga ta wajen Bukkuyum, siriri, marar yawan magana. Mako biyu yana busawa ba abin da ke fita sai huci, muna ta yi masa dariya. Amma shi ya ji maganar Saje. Yana shara, yana ɗibar ruwa, leɓensa na ta zuuu kamar ƙudan zuma.

Da lokaci ya matso, Saje ya rataye bigila da igiya a reshen darbejiya, ya ce kowa ya mai da hannu baya ya busa, wanda ya iya shi ne mai busar ɗaga tuta. Na matso da gadara na kai baki. Ina dannawa bigilar ta gudu, ta dawo ta ƙwale ni a haƙori. Sau uku ina bin ta kamar ɗan akuya na bin nono, ana ta sheƙa dariya. Shi kuwa ɗan Bukkuyum ya zo ya ɗan taɓa ta da leɓe kawai, sai ga sauti siriri, tas, ya miƙe har bakin ƙofar makaranta.

Ba zan ɓoye ba, hassada ta kama ni. In an yabe shi sai in ji kamar ni aka zaga. Abin da ya fi ƙona ni, har ya same ni da kansa.

"Aboki, in kana so mu tahi bakin gulbi da la'asar in gwada maka. Abin ba wuya."

"Kai da ba ka san komi ba sai shanu, kai za ka koya min?" Haka na ce masa, Allah ya yafe mini.

Da safiyar bikin an jera bigilolin a kan tebur, an goge su da toka da lemun tsami suna walƙiya. Bakin bigila ɗan ƙarfe ne kamar ƙaramin mazurari, zare shi ake yi, kuma Saje ya hana mu musayarsa, kowa da nasa. Na faki ido na zare na yaron nan na jefa a aljihun gajeren wandona. Lissafina, in an rasa nasa dole a ce ni in busa.

Sai da muka isa fili, makarantu sun yi layi, manyan gari sun zauna a rumfa, sannan ɗan Bukkuyum ya lura bigilarsa ba baki. Idonsa ya kawo ruwa. Saje ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya tako har gabana, ina murna zai ce ni in busa, sai kawai ya zare bakin tawa bigilar, ya goge a rigarsa, ya miƙa wa ɗan Bukkuyum.

"Kai kuma ɗora taka ga baki ka yi kamar kana busa," ya ce mini. "Daga nesa ba mai ganewa."

Haka na zagaye filin nan ina busa iska cikin bututu, ga baki lafiyayye a aljihuna yana dukan cinyata da kowane taku, ba halin in fito da shi. Da aka zo ɗaga tuta yaron ya busa, fili ya yi tsit. Ni kaina tsigar jikina ta tashi, wannan ma ya ƙara mini haushi.

Bayan an tashi Inna ta ratso mutane ta kama hannuna tana fara'a. Ta ga ba ni na yi na tuta ba, amma ba ta damu ba. "Ɗan nan, da kunka wuce ta gabanmu, busarka ta hi ta kowa daɗi. Sai da na gwada ma mata kai." Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Washegari na kai wa Saje abin da na ɗauka. Bai ko yi mamaki ba, ya ce tun a fili ya ga shatinsa a aljihuna. Bai dake ni ba, cewa ya yi in kai wa mai shi da hannuna. Na kai, na ba da haƙuri, kuma a bakin gulbin da na raina, ɗan Bukkuyum ya zauna da ni wata biyu yana gyara mini baki daga farko.

Abin da ranar ta koya mini bai tsaya ga busa ba. Duk lokacin da na ji zuciyata ta fara zafi don wani ya fi ni, nakan tuna cewa na taɓa ƙoƙarin rufe bakin wani, aka wayi gari ni ne na zagaye fili ba murya, uwata na yaba mini busar da ban yi ba.