Na Tuƙa Gawar Baƙo a Motata da Aka Sace

Da asubar fari muka bar Kaduna ana yayyafi, ni da wani abokin aikina, malamin makaranta ɗan asalin ƙasar Kagoma. Ku da kuka dame ni da saƙo kuna tambayar yadda ta kaya, to ga labarin. Sai dai ku gyara zama, don ni kaina har yanzu jikina bai gama dawowa daidai ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, tun kafin azumi aka sace mini mota a ƙofar masallacin Juma'a. Tsohuwar wagon ce ruwan toka, ba wata abar a zo a gani ba, amma da ita nake kai yara makaranta, da ita nake kai Hajiyarmu asibiti. Na fito da darduma a hammata na tarar da gurbin motar, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Na yi ta zagaya masallacin ina cewa ƙila mantawa na yi inda na ajiye ta, har liman ya kulle ƙofa. Na kai rahoto, na ba da cigiya, shiru kake ji. Masu jaje kuwa kowa sai ya ce, ai gara da mota aka ɗauka ba rai ba. To wa ya ce musu ban sani ba? Tun daga nan na zama wani iri, duk wagon da ta gifta sai na bi ta da ido har wuyana ya ƙage. Ana haka abokin nan ya je gida ya dawo, ya ce ya hango wata mai kama da ita a Kafanchan, fenti ne kawai ya bambanta. Ai kuwa na kwashi takarduna na ce ya raka ni.

Motar haya muka shiga, aka cusa mu a baya kamar buhunan masara, ga kuɗin mota ya yi tashin da sai da na sake tambayar direba ko da abinci ake haɗawa. A Kujama mata suka yi mana caa da dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara, muka saya muna ci ana raha. Amma muna wuce Kasuwan Magani sai rahar ta mutu da kanta. Direba ya kashe rediyo. Wanda ya san hanyar Kachia ya san dalili. Daji ne kore shar, ciyawa ta fi mutum tsawo, jefi-jefi ka ga gidaje babu rufi, haki ya tsiro a tsakar ɗaki. Wata mata kusa da ni tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, ni ina jan Ayatul Kursiyyu, babu wanda ya kalli wani. A wata kwana muka wuce wani Bafulatani tsaye cikin hazo da lema, shanunsa sun kewaye shi, daga shi har su babu mai motsi.

A Kachia muka sha shayi, garin gaba ɗaya ƙamshin citta yake, har burodin ma sai da na ji kamar ya ɗauka. Daga nan muka ɗauki hanyar Zonkwa, muka gifta ta wajen Fadan Kaje. Ƙasa ce mai albarka wallahi, gonaki iya ganinka, sai dai ramukan titi sun isa su sa mai ciki ta haihu ba shiri. Da hantsi muka shiga Kafanchan, gajimare ya sauko ya rufe kan dutsen Kagoro. Muka bi ta gefen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, taragai sun yi tsatsa a tsaye, tagoginsu wayam.

Muka fara yawon nema. Tasha, bakin kasuwa, layin makanikai, wajen masu fenti. Duk wanda muka tambaya sai ya ce, "Baƙin wagon? Oga, suna da yawa a nan." Rana ta take, ƙafata ta gaji, raina ya ɓaci, har na fara yi wa abokina mita cewa ya taso ni a banza. Ya ce in ci abinci tukuna in ya so in ci gaba da faɗan. Muka zauna a rumfar wata mata a bakin hanyar Kwoi, ta zubo mana faten acha mai zafi da yakuwa, yaji kamar da gayya. Na kai cokali baki ke nan sai na ji hon.

Jama'a, hon ɗin motata ya daɗe da dishewa. In ka danna sai ya yi wani kuka kamar rago mai mura, yarana har kwaikwayonsa suke yi. Ko cikin motoci dubu zan gane shi. Cokalin ya suɓuce daga hannuna, na miƙe ban ko wanke baki ba.

Kusa da wani gidan mai na ga taron mutane. Bas cike da 'yan zumuntar matan coci cikin anko, ga babura sun kunna fitila da rana tsaka. A tsakiyarsu wagon ce baƙa ƙirin, an kwantar da kujerun baya, an shimfiɗe farin akwatin gawa a ciki. A gilashin gaba, ɓangaren fasinja, an manna hoton wani mutum mai matsakaicin shekaru yana murmushi. Ban taɓa ganinsa ba. Na matsa na leƙa, sai ga tabon ƙuna a kan dashbod, inda garwashin turaren matata ya taɓa faɗowa. Tawa ce.

Abokina ya damƙe mini hannu. "Malam, don girman Allah, ba yanzu ba. Kar ka yi magana a gaban gawa."

Na so in ƙwala ihun ɓarawo, amma wa zan nuna? Wani dattijo da ke gefe ya ba mu labari ba tare da mun tambaya ba. Motar marigayin ce, daga mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, suka ɗauko shi za su kai shi ƙauyensu a bayan Fadan Kagoma. Sun tsaya shan mai, mota ta ce ba ta san zancen ba. An duba batir, an kira makanike, an tura, ko tari ba ta yi ba. Ɗan wansa da ke tuƙi ya jiƙe sharkaf da gumi, shi ne yake ta danna hon don takaici. Dattijon ya rage murya ya ce, "Ba motan ba ne. Shi ne ya ƙi tafiya. Akwai wanda yake jira."

Tsigar jikina ta tashi, domin ni na san ciwon motar. In ta yi zafi aka kashe ta, ba ta tashi sai ka tsallako da hannun hagu ka tura sandar giya gaba kaɗan, kana murɗa makulli da na dama. Ga hadari yana haɗowa, ga gawa a rufe cikin mota tun ɗazu, waƙar matan ta koma kamar kuka. Sai kawai na ji bakina ya ce wa mai tuƙin, "Sauko in gwada."

Na zauna. An ja kujerar direba baya sosai, da alama marigayin ya fi ni tsawo. Na gicciye hannuwa, na tura, na murɗa. Bugu ɗaya ta tashi. Wata mata ta ƙwala, "Yesu!" Mutane suka ja da baya suna kallona, dattijon ya cire hularsa ya ce, "To, ga shi ya zo." Ɗan wan marigayin kuwa ya ce shi fa ba zai sake zama a kujerar nan ba. "Baba, kai ka kai shi." Kafin in buɗe baki an rufe mini ƙofa, abokina ya shigo gefena fuskarsa kamar an watsa masa toka.

Haka na tuƙa motata da na yi wata da watanni ina mafarkinta. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Ciki warin maganin mutuware ne gauraye da turare. Duk ramin da muka faɗa sai akwatin ya zame ya daki bayan kujerata, ƙwas, kamar mai neman in waiwayo. In na ɗaga ido madubi babu komai sai fari. Hoton kuma, da haske ya bugi takardar, sai fuskar ta fito ta ciki tana murmushi. Abin da ya yi ta yawo a kaina shi ne, duk duniya mu biyu muka san yadda ake lallashin motar nan, ni da wanda ke kwance a bayana. Muka wuce Fadan Kagoma a hankali, muka saki kwalta muka shiga jar hanya tsakanin gonakin citta. Manoma suna ajiye fartanya su tsaya har mu wuce.

A ƙauyen an riga an haƙa kabari a bayan gida. Aka ba mu kujeru a gaba cikin rumfa, aka kawo mana lemo, ina ji ana raɗa cewa amininsa ne daga Kaduna. Fasto ya yi wa'azi gajere saboda hadari. Daga nan dattijon, wanda ashe ƙanen mahaifin marigayin ne, ya miƙe ya ce duk mai wata magana tsakaninsa da mamaci ya faɗa kafin a rufe shi. Takarduna suna aljihu, ina jin su a ƙirjina, amma na ci gaba da zama.

Sai wata tsohuwa 'yar ƙarama ta dogaro sanda ta zo ta zauna kusa da ni. Abokina ya raɗa mini cewa mahaifiyarsa ce. Ba ta kalle ni ba, kabarin take kallo.

"Ɗana, motan naka ne, ko?"

Na juyo na kalle ta.

"Na ga hannunka a gidan mai. Haka shi ma yana yi, ba wanda ya iya. Ya ce mini ya saya a hannun wani. Ban tambaya ba, kuma ban taɓa shiga ba." Sai ta dafa gwiwata. "Ka ɗauki abinka. Amma ka gaya masa ka yafe kafin a zuba ƙasa. Kar ya tafi da shi."

Wallahi na sha tsara abin da zan yi wa wanda na kama da motar nan. Na tsara marin, na tsara zagin, har kotu na tsara. Ban taɓa tsara wannan ba. Na miƙe na je bakin kabarin, an riga an saukar da akwatin, wurin ya yi tsit sai iska. Na sunkuya na ce, "Bawan Allah, ban san ka ba. Ko sata ka yi ko saye ka yi, Allah ne masani. Tsakanina da kai, na yafe." Hawaye suka zubo mini, na takaici ne ko na tausayi ban sani ba. Mutane suka ɗauka kukan aminci ne, wani ya rungumo ni yana ba ni haƙuri. Tsohuwar ta ɗebi ƙasa ta fara zubawa, ruwa ya sauko.

Bayan an watse na nuna wa dattijon takarduna, ya sa tabarau ya gwada lambar injin motar da ta cikin takardun, ya daɗe yana kallo. Bai yi gardama ba, ya miƙo mini makulli da hannu biyu, ya ce duk ranar da hukuma ta neme shi zai zo. Muka kwana a Kafanchan gidan 'yan uwan abokina, da safe muka juyo.

Na so in ɓamɓare hoton, abokina ya ce in bar shi mu isa gida tukuna, tun da lambar da ke jikin motar ba tawa ba ce. Gaskiyarsa. Duk shingen da muka zo, jami'i ya kalli hoton sai ya ɗaga mana hannu. "Sannu da haƙuri, Oga. Allah ya ji ƙansa." Ni kuma in ce amin. Har mai sayar da ayaba a Kachia sai da ta yi mini ta'aziyya ta ƙara mini gyara.

Da azahar muka shigo Kaduna. Na danna hon a ƙofar gida, matata ta fito da gudu tana guɗa, yara na biye da ita. Tana ganin hoton guɗar ta tsaya mata a maƙogwaro. Na ba su labari tiryan-tiryan, ban rage komai ba. Mun wanke motar, mun kankare hoton, mun ɗaga kujerun baya, na kuma je na sanar da 'yan sanda. Amma yara sun ce ba za su zauna a baya ba, Hajiyarmu ta ce ita dai a bar ta da Keke.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ku da aka taɓa yi wa irin wannan sata, shi ne abin da aka ɗauke maka ba ya tsayawa yana jiranka. Yana can yana rayuwa a hannun wasu, ana ɗora masa abin da ba ka sani ba, in ma ya dawo da shi zai dawo. Na kuma ga wata uwa da ta fi damuwa da nauyin da ɗanta zai tafi da shi fiye da motar da zai bar musu, ban taɓa jin kunyar fushina ba irin ta ranar.

Motar tana nan a ƙofar gida, baƙa, an wanke ta tas. Jiya da safe na fito zan tafi aiki da makullin a hannuna, na tsaya a gabanta na daɗe. Daga ƙarshe na mayar da shi aljihu na tare Keke.