Mama Iyatu ta Ɗakin Tazarar Haihuwa

Kafin masu lemo da kankana su gama sauke kaya a kasuwar Zuba, Iyatu Salisu ta riga ta tsaya a bakin titi, farar rigar aikinta a ninke cikin leda. Bas take shiga zuwa Dei-Dei, ta hau keke napep zuwa Karmo, ta ƙarasa da ƙafa tana tsallake kwatoci. Bakwai da rabi ta buɗe ɗakin ƙarshe a ƙaramin asibitin unguwar. Gado ɗaya ne a ciki, da tebur, da kabad na ƙarfe. Ita take share shi da hannunta. A jikin ƙofar akwai rubutun Turanci da babu wanda ya damu ya karanta, domin kowa a Karmo ɗakin Mama Iyatu yake cewa. Shekara goma sha tara ta yi tana wannan sintiri, cikin talatin da biyar da ta yi wa gwamnati aiki. A watan jiya ta ajiye.

Jinjina ce wannan, amma mai karatu ya yi haƙuri, da ɓacin rai aka rubuta ta.

Aikin Mama Iyatu tazarar haihuwa ne, aikin da manya ke ta jayayya a kansa a rediyo. Wannan ya ce mun yi yawa, ƙasa ba za ta ɗauke mu ba. Wancan ya ce yawan jama'a arziki ne, kuma bai ga dalilin da gwamnati za ta saya wa mutane maganin hana ɗaukar ciki ba. Ita ba ta shiga wannan musu. Duk macen da ta zauna a gabanta, tambaya ɗaya take fara yi mata: "'Yata, ke me kike so?" Mai son hutun shekara biyu ta yi mata bayanin allura da ƙwayoyi da ashanar fata da ake sakawa a damtse, ta faɗa mata amfani ta faɗa mata illa, ba ta ɓoye komai. Mai neman haihuwa ta rubuta mata takarda zuwa babban asibiti, wani lokaci ta raka ta. Mai shakka a kan addini ta ce mata, "Ki je ke da maigidanki ku tambayi malamin da kuka yarda da shi. Ina nan, ba inda za ni."

Sista Lucy, 'yar Gbagyi da ta yi shekara takwas a ƙarƙashinta, ta ba da labarin wata shekara da wata ƙungiya ta kawo kaya ta kuma yanka musu adadin matan da za a sa wa ashanar fata kowane wata. Aka raɗa musu cewa duk wadda ta zo a cire mata, a lallashe ta ta koma gida. Wata mata ta zo tana kuka, jini ya ƙi tsaya mata, an kore ta sau biyu a wani wurin. Mama Iyatu ta wanke hannu ta cire mata nan take. Lucy ta ce da Hausarta ta Gbagyi, "Na ce masa, Mama, oga zai yi faɗa fa. Sai ya ce mini, hannun na oga ne?"

Ke ce, Mama, wadda ba ta taɓa mayar da mace lamba ba.

Cikin matan da ke zuwa ɗakin akwai Lubna, matar Manniru mai shayi, wanda ya baro ƙauyensu a Zamfara ya kafa tebur kusa da tashar keke. 'Ya'yansu biyu, duka da tiyata aka ciro su. Bayan ta biyun likita ya kira Manniru gefe ya gaya masa cewa mahaifar ta yi rauni, kada ta sake ɗaukar ciki sai ta huta aƙalla shekara uku. Manniru bai yi gardama ba. Shi da kansa ya rufe tebur ya kawo ta, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Mama, ga amana nan. Abin da likita ya ce shi nake so a yi."

Aka yi mata allurar wata uku. Wata uku suka cika ta dawo, aka sake yi. A karo na uku Mama Iyatu ta buɗe kabad, babu komai sai auduga da kwalin safar hannu. Babu allura, babu ƙwayoyi, babu ashanar fata, har kwaroron roba ya ƙare. Ta riga ta rubuta takarda tun kafin kayan su ƙare. Ta sake rubutawa. Ta hau mota ta je sito da kanta, ma'ajin ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Hajiya, ba a saki kuɗin ba. Ana kan tattaunawa a sama."

Ana kan tattaunawa! Fiye da shekara aka yi ana tattaunawar nan. Da farko Mama Iyatu tana shiga kemis ta sayo da albashinta ta yi wa waɗanda ta fi jin tsoron halinsu, amma matan sun fi ƙarfin aljihun ma'aikaciya ɗaya, kuma daga baya kemis ɗin unguwar ma ya ce babu. Lubna ta zo aka ce ta dawo mako mai zuwa. Ta dawo, ta sake dawowa. Daga nan kunya ta kama ta, ta ga kamar tana takura wa Mama, ta daina zuwa. Ranar da ta sake shigowa ɗakin, hijabinta ba ya ɓoye cikin.

Mama Iyatu ba ta yi mata faɗa ba. Ta sa ta awo a babban asibiti, ta ja kunnen Manniru cewa ko ciwon mara ta ji a kira ta. Duk da haka abin ya riga su. Wata Talata da la'asar, cikin yana wata takwas, Manniru ya faɗo asibitin ba takalmi.

"Mama, ki zo! Ta faɗi a tsakar gida, ba ta magana!"

Da ta taɓa cikin ta san abin da ya faru: tsohon ɗinkin ya yage. Motar asibiti kuwa ta shekara a kan duwatsu. A keke aka fito da Lubna zuwa titi, Mama Iyatu ta tsaya tsakiyar hanya da farar riga ta tare wata motar haya, ta roƙi fasinjoji suka sauka. Ta zauna a baya, kan Lubna a cinyarta, hannu ɗaya riƙe da ledar ruwa, tana yi wa direba tsawa a cikin cunkoson masu tashi daga aiki. Masu dako huɗu da ke shan shayi a teburin Manniru suka bi su a babur, su suka ba da jini.

Lubna ta rayu. Jaririn, namiji, bai zo da rai ba. Mahaifar ba ta ɗinkuwa, aka cire ta gaba ɗaya. Shekarun Lubna ashirin da huɗu.

Kwana uku bayan haka ta buɗe ido sosai ta ga Mama Iyatu a gefen gado. Ba ta tambayi jariri ba, an riga an gaya mata. Cewa ta yi, "Mama, ai na zo. Sau uku na zo."

"Kin zo, 'yata. Ni shaida ce."

A waje Manniru ya tare ta, idanunsa jajir. "Mama, an ce in bari ta huta, na yarda. Ni na kawo ta da ƙafata. To yanzu wa zan kama?"



Mako shida bayan haka aka shirya babban taro a wani otal a tsakiyar birni kan yawan al'umma da makomar ƙasa. Aka aiko a turo ma'aikatan jinya cikin fararen kaya su cika kujerun baya, don hoto ya yi kyau. Mama Iyatu da Lucy suna ciki. Wani darakta, Dakta Nuraddeen, ya haska zane-zane a bango yana nuna yadda jama'a za su ninka, makarantu ba za su isa ba, aiki ba zai isa ba. Bayansa wani Alhaji Farouk, mai faɗa a ji a wani kwamiti, ya tashi ya ce haihuwa kyautar Allah ce, ba za a ɗauki kuɗin jama'a a tsayar da ita ba, mai so ya saya da kansa. Aka tafa wa wannan, aka tafa wa wancan, aka fara zuba shayi.

Mama Iyatu ta ɗaga hannu, ba a kula ta ba. Sai ta miƙe ta taka har gaba ta karɓi makirufo daga hannun mai gabatarwa. Da Hausa ta yi magana, tunda rabin masu zaune a babban tebur da ita suka tashi.

"Ranku ya daɗe, tun safe nake jin miliyan kaza, miliyan kaza. Ni ban san miliyan ba, na san Lubna. Likita ya ce ta huta, mijinta ya yarda, ta zo wurina sau uku, na buɗe kabad ba komai. Alhaji, ka ce kada a tsayar da haihuwa. To an tsayar da tata har abada, kuma rashin allurar ne ya tsayar. Dakta, kai kuma ka ce mun yi yawa. Matan da ke zuwa wurina ba rage maka lissafi suka zo yi ba, so suke su rayu su yi renon waɗanda suka haifa. Ku yi ta musunku har shekara goma in kun ga dama. Amma na san asibitin da matanku ke zuwa, ƙawayena ne ke aiki a can, kuma kabad ɗinsu bai taɓa bushewa ba."

Nan aka kashe makirufo. Dakta Nuraddeen ya gyara tabarau ya ce, "Hajiya, akwai hanyar da ake bi a kai ƙorafi."

"Na bi, yallaɓai. Sau uku." Ta zaro kwafin takardunta daga jaka ta ajiye masa kusa da kofin shayinsa, ta koma kujerarta. 

Sakamakon bai ɗauki shekara ba, kwana tara ya ɗauka. Aka ba ta takardar tuhuma kan rashin ɗa'a a gaban manya. Sannan, saura wata goma ta yi ritaya, aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye can bayan Kuje, inda mota ba ta shiga da damina. Mace mai shekara kusan sittin, mai ciwon gwiwa, aka ɗora a kan acaɓa. Mako uku da tafiyarta sai ga kwali biyu na magani sun iso Karmo, tare da masu ɗaukar hoto da wani jami'i da ya yi jawabi kan jajircewar hukuma. Ashe kayan suna iya zuwa. Wane ne ya riƙe takardar fiye da shekara? Wa aka tuhuma kan mahaifar Lubna? Har yau ba a ji sunan kowa ba. Mutum ɗaya aka hukunta a wannan magana, ita ce wadda ta faɗa.

Ba ta roƙi kowa ba. Ta tafi ƙauyen, ta tarar da ɗaki da jemagu, ta share, ta fara tara mata a ƙarƙashin mangwaro. Wasu matan Karmo sun riƙa haɗa kuɗin mota suna bin ta can, suna cewa hannunta suka saba da shi. Manniru kuwa ya mayar da teburinsa wurin wa'azi. Duk magidancin da ya zauna shan shayi sai ya ji: "In likita ya ce ta huta, ka kai ta. In sun ce babu, kada ka koma gida ka kwanta, ka tayar da hankalin kowa."

Ranar da ta ajiye aiki ofis bai aiko ko da wasiƙa ba. Matan Karmo ne suka cika bas biyu suka tafi wurinta. Lubna ta zo da 'ya'yanta mata, ta durƙusa za ta yi godiya, Mama Iyatu ta ɗaga ta ta ce, "Tashi, ni ce ban iya miki ba." Duk wanda ke wurin ya san ba haka ba ne.

Ke ce kika tsaya, Mama, a lokacin da masu manyan kujeru suka zauna. Ke ce kika tare mota da jikinki. Ke ce kika faɗi sunan mace ɗaya a ɗakin da ake ƙirga miliyoyi, kika biya da gwiwoyinki. Iyatu ta Salisu, uwar marasa gata, mun gode. Allah ya ba ki lafiya, ya sa abin da kika yi ya tsaya miki ranar da babu darakta babu kwamiti.

'Yan matan da ke makarantun jinya, ga wadda za ku kalla. Ku koyi allura a wurin malamanku, ku koyi buɗe baki a wurinta. Sauranmu kuma, ko muna ganin mun yi yawa ko muna ganin ba mu isa ba, gobe kowa ya leƙa ƙaramin asibitin unguwarsu ya tambaya ko akwai kayan. In aka ce masa babu, kada ya tsaya a "Allah ya kyauta". Ya nemi sunan wanda takardar ke kan teburinsa.