Kwabon da Juwairiyya ta wanke

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, 4 ga Fabrairu, 2025, Injiniya Zulkifilu ya rasu a gidansa da ke garin Greenbelt, can ƙasar waje, bayan doguwar jinyar ƙoda.

Zulkifilu, kai ka koya mini kallon ƙasan kwabon Rumawa. Ina yi maka tsiya cewa mutum da digirinsa ya zauna yana sakace tsatsa, kai kuwa sai ka miƙo mini gilashin ƙara girman rubutu. Haruffan farko, ka ce, garin da aka buga kwabon ne, ANT Antakiya, ALE Iskandariyya. Na ƙarshen kuma maƙerar ce, don in aiki ya ɓaci a san wanda za a kama.

Akwai ɗaya da ka fi so, baƙi ƙirin. Shekaru kana jiƙa shi a man zaitun, kana ɓanɓarar dattin da tsinke. Harafin A kawai ya fito. Burinka harafi na biyun ya zama L, wato na Iskandariyya, ka riƙe abin da aka ƙera a ƙasar Afirka kafin ka tafi.

Da ciwo ya tsananta, ƙanwarka Juwairiyya ta zo daga Gusau jinya. Ta ga kwabban sun yi dauɗa, ta sa lemon tsami da soson ƙarfe ta dirje su kamar tiren baƙi, ta kawo maka suna ƙyalli. Ina wurin. Ka shafa babban yatsa a ƙasan kwabon nan, wurin ya yi sumul. Sai ka ce mata:

"Sun yi kyau, Juwai. Allah ya yi miki albarka."

Sai a zaman makoki ta gane ɓarnar da ta yi, da wani abokin sana'arka ya duba su ya girgiza kai. Ita ta ce in rubuta wannan, a san irin haƙurinka. Ta tambaye ni tana kuka, "Yaya Kamal, me aka rubuta a wurin?" Na ce mata babu wanda zai sani kuma. Raina ya yi ɗaci da na faɗa, har yau bai daina ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka yadda ka yafe tun ba a roƙe ka ba. Ya ba matarka Hajiya Rumasa'u da yaranka haƙuri, ya sanyaya zuciyar Juwairiyya.