Kafaɗun da Yaya Modu Ya Gani a Hoto

Ranar Juma'ar nan mai zuwa Yaya Modu zai cika shekara biyar a ƙasa. Ban taɓa rubutu a jarida ba, kuma da ba don abin da ake shirin yi a wannan Juma'ar ba, da na ci gaba da haɗiye zancen kamar yadda na saba. In mai karatu ya ga magana ta karkace, ya yi mini uzuri.

Modu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara shida ya ba ni. Gidanmu na unguwar Yerimaram a nan Potiskum, Babanmu kuma dillalin shanu ne a kara. Lokacin da Modu yake sakandare, kafin yaƙin basasa, an kawo musu wani malamin lissafi Ba'amurke da suka raɗa wa Malam Dogo. Shi ya fara ba su labarin ƙwallon ƙasarsu, wadda ba da ƙafa ake yin ta ba. A rungume ta a sheƙa da gudu, ko a jefa ta da hannu, abokan hamayya kuma su bangaje mutum su kayar. Bai taɓa yin wasan da su ba, jifa kawai ya koya musu. Da zai koma gida ya bar wa Modu ƙwallonsa mai siffar gwanda, ya kuma riƙa aiko masa da yankan jarida a kan ƙungiyar garinsu.

Sai wasa ya yi wata guda da ƙarewa kafin labarinsa ya iso Potiskum, amma Modu zai buɗe ambulan kamar yanzu ake fafatawa. Ya samu babban littafi yana manna hotunan, yana rubuta ra'ayinsa a ƙasa. Bai taɓa ganin mutanen nan suna motsi ba, ko sau ɗaya. Da idon Baba yake duba su, yadda ake duba sa a kara: faɗin ƙirji, kaurin wuya, tsayuwar ƙafa. Ya raɗa wa kowannensu suna. Akwai Mai Tozo, wanda ke tsaye a gaba yana tare wa mai jifa. Akwai Barewa mai gudu, akwai wani siriri da ya kira Maraƙi, wanda kullum yake cewa a sallame shi.

Ni ce mai saurarensa, don Iya ta ce ita ba ta da kan wannan shirme. Ina wanke-wanke zai zo ya tsuguna da littafinsa.

"Fanna, dubi nan. Kin san abin da ke kashe mu? Mai jifan nan ya cika riƙe ƙwallo. Ya tsaya yana zaɓe kamar mai sayen atamfa, har a zo a danne shi."

"Yaya, wai mu wa? Kai da su wa?"

"Ke dai ba ki da kishi. Gefen hagunmu a buɗe yake. In ba a samo wa Mai Tozo abokin tsayuwa ba, bana ma mun tashi a banza."

Kuma sau da yawa yakan canka. Ambulan na gaba zai zo, a ga ta gefen hagun aka ci su. Wannan ne ya sa abokansa suka yarda da shi har abin ya wuce misali.

Hular kwanon da 'yan wasan ke sawa kowa ya gan ta a hoto, ba a yi musu a kanta ba. Kafaɗun ne. Mutanen nan kafaɗunsu kamar ƙofar zaure, sun taso sun kusa haɗe da kunne, kuma Modu ya ɗauka nama ne. Ya rubuta cewa abinci ne da horo. Ya ce namiji in ya gina kafaɗa haka, ko da katanga ya yi karo ba abin da zai same shi. Yana aikin akawu a tashar mota a lokacin, amma sai ya riƙa ajiye alƙalami yana taya 'yan dako sauke buhunan gyaɗa, wai yana gina tozo. Abokansa suka bi sahu. Baba bai taɓa sayen sa ba sai ya ɗora masa hannu ya latsa, don ya san ana ɗura wa dabba kanwa da ruwa ta kumbura kafin a kawo ta kara. Modu ya gaji idon, amma takarda ba ta latsuwa.

Bayan kaka suka shirya wasansu na farko a filin bayan firamare, ƙasa ta bushe ta yi tauri. Suka naɗe kawunansu da tsofaffin rawuna a madadin hular kwano. Ina tsaye a bakin fili da ƙawayena muna dariya. Modu ya rungumi ƙwallo ya sunkuyar da kai ya taho, amininsa Kyari ya taho ta gaba, kowa ya turo kafaɗa gaba yadda littafi ya ce. Na ji ƙarar. Har yau in aka karya itace kusa da ni sai na dafe bango.

Kyari ya tashi, Modu bai tashi ba. Idonsa biyu, yana magana, yana cewa ba ya jin ƙafafunsa. Suka ɗaga shi zaune, suka girgiza shi, suka kwara masa ruwa, sannan suka ɗora shi a amalanke zuwa gida, kansa na lilo. Ni ma na taya riƙe shi. Aka kira mai ɗori, ya shafa wuyan, ya girgiza kai ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Kwana uku ya yi ya rasu. A rana ta biyu ya tambaye ni ko ambulan ya zo.

Na kai shekara huɗu da wani abu ina gaya wa kaina ƙaddara ce kawai, kuma ƙaddarar ce. Sai wata uku da suka wuce, a ɗakin karatu na kwalejin da nake koyon aikin malanta, na buɗe wata tsohuwar mujalla ta Amurka. Ga hoton ɗan wasa zaune a ɗakin sauya kaya, bai sa riga ba tukuna. An ɗaura masa wani abu kamar sirdi a kafaɗa, mai tauri, da igiyoyi a ƙirji. A ƙarƙashinsa kafaɗun mutum ne kamar na kowa. Na Modu sun fi su. Nan take na roƙa aka ba ni hoton.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Ƙungiyar tasa ban san halin da take ciki ba, Malam Dogo ya daina aike tun da na rubuta masa labarin rasuwar. Amma a nan wasan bai mutu ba. Kyari bai sake dariya irin ta da ba, ya bar zuwa majalisa, ya yi aure ya haifi ɗa ya sa masa Modu. A ransa hanya ɗaya ce ta biyan amininsa: a sake yin wasan, a yi shi daidai. Ya tara samari da magidanta daga Yerimaram da Ngojin, wata biyu suna ɗaukar buhu, sun sa wasan ranar Juma'ar nan. Makon jiya ya zo gida neman littafin. Na fito zaure na miƙa masa hoton da na roƙa aka ba ni.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Wannan ai mai ciwo ne, ƙanwata. Ɗori aka yi masa."

"Yaya Kyari, dukansu haka suke sawa. Ka karanta ƙasan hoton, don Allah."

"To Modu bai san abin da yake yi ba ke nan? Shekara nawa yana nazarin mutanen nan? Ke daga buɗe mujalla ɗaya kin fi shi sani?"

"Ban fi shi sani ba. Tsoro nake ji."

"Kuskurena ne ran nan, ban shirya kafaɗata ba, na same shi a karkace. Wannan karon mun shirya."

Ya ninke hoton ya ajiye mini a kan tabarma, a hankali, kamar kada ya ɓata mini rai. Na gane abin da ya hana shi karantawa. In hoton gaskiya ne, to ba kuskuren hannu ba ne da za a iya gyarawa, Modu ya tafi ne a kan abin da babu shi. Kyari ya gwammace ya ɗauki laifin kisa a kansa har abada da ya yarda da haka.

Ban ba shi littafin ba. Ya ce ba komai, sun haddace shi.

Na gaya wa Baba, ya ce manyan mutane ne masu iyali, ba zai bi su fili da sanda ba. Iya kuka kawai take yi. Shi ya sa na zo nan. Duk wanda yake da ɗa ko ƙane ko miji da ya ga ya tsiri ɗaukar buhu ba don kuɗi ba, ya riƙe shi a gida ranar Juma'a bayan la'asar. Wanda yake son ganin hoton ya zo Yerimaram ya tambayi gidan su marigayi Modu mai ƙwallon gwanda, zan nuna masa.

Me ya rage na wana bayan shekara biyar? Na so in ce basirarsa, ko barkwancinsa, ko yadda yake son mutanen da ba su san da zamansa a duniya ba. Amma waɗannan a cikina kawai suke, ni kuma ba a jin maganata. Abin da ya rayu har ya hayayyafa shi ne wuri ɗaya tak da ya yi kuskure. Jiya na buɗe littafin na ga shafuka da yawa inda ya ja layi a kan maganarsa ya rubuta a gefe, "Na yi kuskure a nan." Har Maraƙi sai da Modu ya nemi afuwarsa a rubuce, bayan wata kakar wasa da Maraƙin ya yi ƙoƙari. A duk garin nan mutum ɗaya ne zai kalli hoton nan ya yarda da ni nan take, ya fita da gudu ya hana su. Shi ne kuma za su taru dominsa ranar Juma'a.

Allah Ya jiƙan Yaya Modu, Ya sa ya huta. Sauran kuma Allah Ya mayar da su gida da ƙafafunsu.