Igiya ko Nama?

Shekarun baya, da gwiwoyina suka fara nuna mini cewa zancen fatauci ya ƙare, na dawo Parakou na zauna. Na yi yawo daga Kumasi har Yamai, na sha zaman Kano da Lome, na kuma tsinto harsuna a hanya: Faransanci, Dendi, Barganci, da ɗan Fillancin cinikin shanu. Ba zan ɓoye muku ba, ina ji da kaina a kan haka. Idan aka rasa tafinta a unguwa ni ake aiko wa, ni kuma sai na gyara zaman hula kafin in tashi.

Ina da wani aboki mahauci a unguwar Banikanni. Ƙato ne, ga tabon ƙaho a kumatu wanda wani bijimi ya bar masa a kasuwar shanu. Wanda bai san shi ba, idan ya gan shi sai ya sake hanya. Amma abin da yake so tun yana saurayi shi ne wasan kwaikwayo. Yana datsa nama yana kwaikwayon masu saye, har mata su manta da abin da ya kawo su.

Wata rana wani darakta daga Kwatano ya tsaya sayen nama, ya ga fuskar nan, ya kasa tafiya. Fim yake shiryawa na soyayya da fargaba: wani direban babbar mota ya gano ubangidansa yana safarar haramtattun kaya, sai ubangidan ya sa aka sace budurwar direban don ya rufe bakinsa. Ana neman mugun da zai yi gadinta. Abokina ya amsa tun kafin a gama tambaya. Ya bar wa ƙanensa tebur, ya bi layin mahauta ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu su shirya ganinsa a talabijin.

Daraktan ba ya jin Hausa, abokina kuma Faransancinsa bai wuce na kilo da rabin kilo ba. Shi ya sa aka nemo ni.

An yi gwaji sau biyu a bayan Gare, wato tasha, tsakanin manyan motoci, ba tare da kyamara ba. Duk biyun ba su yi kyau ba. Mutumin da ke sa kasuwa dariya, da an miƙa masa wuƙa an ce ya nuna wa yarinyar, sai ya sandare kamar turmi.

Daraktan ya ce da ni, "Gaya masa ya riƙe ta kamar mugu, ba kamar mai jiran a ce masa da ƙashi ko tsoka ba."

Na juya masa. Abokina ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, tun ban yi gemu ba nake riƙe wuƙa, ban taɓa juya bakinta ga ɗan Adam ba. Haka mahaifina ya koya mini. Hannun ne ba ya yarda."

Na ce, "To sarkin fawa, hannun naka ne ko na aro?"

"Kai dai ka taya ni da addu'a. Idan aka kore ni, da wane ido zan koma Banikanni?"

Daraktan ya yanke magana: za a ɗauki wannan fitowa a Djougou ranar Laraba, idan abokina bai yi ba, akwai wani tsohon jandarma da ke jiran gurbinsa. Ni kuma ya ja ni gefe ya ce in tsaya kusa da kyamara, duk kalmar da ta fito daga bakinsa in mayar da ita Hausa nan take, kada in bar ko ɗaya. Na ce wannan ai aikina ne.

A wani tsohon ɗakin ajiyar goro aka yi, a hanyar Sérou, da hantsi. Ƙanshin ganyen huhu bai bar ɗakin ba, har ya tuna mini da kakana mai fataucin goro. Yarinyar da ke fitowa a budurwar 'yar gidan fataken goro ce ta nan Djougou, wannan ne fim ɗinta na farko, gwaggonta kuma ta kafa kujera a bakin ƙofa ta ce ba inda za ta. Aka ɗaure hannuwan yarinyar a baya da igiyar huhu, aka zaunar da ita a kan buhu. Abin da ake so kaɗan ne: abokina ya tsaya a kanta da wuƙa, ya zare ido, shi ke nan. Saurayin ne zai zo ya cece ta a wata fitowa.

Aka fara. Daraktan yana magana ina juyawa. Matso. Ɗaga hannu. Dube ta. Abokina ya yi duka, amma kamar wanda ake ja da zare. Na ga daraktan ya dafe goshi, na san jandarma ya samu aiki. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Kupe!"

Ni kuwa, da muryar nan tawa ta kiran shanu, na ce, "Yanka!"

Abokina ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin fuska irin wannan ba. Ya dubi yarinyar, ya dubi wuƙar, gumi yana bin tabon nan. Sai muka ji ya ce "Bismillahi" a hankali, don mahauci ba ya sa wuƙa a kan komai bai faɗi haka ba. Gwaggo ta ƙwalla ƙara. Shi kuwa ya zagaya bayan yarinyar, ya durƙusa, ya datse igiyar da sara ɗaya, ya jefar da wuƙar, ya ce, "Tashi ki tafi gida, 'yata."

Abu na farko da ya same ni shi ne takalmin gwaggo, a kafaɗa.

"Tsohon banza! 'Yar mutane za ka sa a yanka?"

"Hajiya, abin da ya ce na faɗa!"

Yarinyar tana dariya tana share hawaye ta ce, "Baba, a wurin masu fim, kupe tsaya ake nufi. A tsayar da kyamara."

Na ce a Faransancin da na koya a kasuwar Lome, kupe yanka ne, kuma har gobe yanka ne. Ba wanda ya saurare ni. Abin haushin, na taɓa tsayawa kallon masu ɗaukar fim a Kano, na ji suna ihun "kot, kot", na wuce abina ban tambayi me ake yankawa ba.

Daraktan ya zazzaga mini faɗa da harsuna biyu, ɗaya ma ban iya shi ba. Yana cikin yi sai mai kyamara ya taɓa shi. Ashe tsoro ya hana mai kyamarar tsayar da na'urar, komai ya shiga. Suka sunkuya a kan ɗan allon. Daraktan ya kalla, ya ce a mayar. Ya sake kallo. A na uku ya zauna a kan buhu, ya ce da ni, "Tambaye shi me ya zo masa a rai."

Abokina ya ce, "Da na ji Alhaji ya ce yanka, na ce to mutanen nan sun haukace. Na duba abin da zan yanka in rabu da Allah lafiya, ban ga komai ba sai igiya."

A ranar aka sake labarin. Mugun da aka sa gadi shi ya saki budurwar, ya kuma taimaki masoyan suka tona asirin ubangidan. Jandarma ya koma gida. Da fim ɗin ya fito, wannan wurin mutane suka riƙa tura wa juna a waya.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Abokina ya fito a maharbi, ya fito a uban amarya, ya fito a direban da ya tuba. Har yau idan labari ya buƙaci mai ban tsoro wanda zuciyarsa za ta karye a ƙarshe, shi ake nema. Yarinyar tana Kwatano, kusan kowane mako ana ganinta a talabijin, idan ta zo Djougou kuma sai ta aiko mini da goro. Gwaggonta ma mun shirya, ko da yake ba ta taɓa ba ni haƙurin takalmin ba.

Ni abin da na ɗauka shi ne, jin harshe daban, jin harshen masu sana'a daban. Na yi shekaru ina ƙirga harsunan da na iya, ban lura kowace sana'a tana da nata a ciki ba. Yanzu idan aka kira ni tafinta, nakan fara da tambaya, hular kuma na bar ta yadda take. Wani lokaci kuma ina tunanin hannun nan da ya ƙi yarda. Duk mun ɗauka shi ne cikas ɗinsa, ashe shi ne abin da ya kawo masa sa'a.

Abokina dai ya koma teburinsa, har yau bai bar shi ba. Jiya ma na bi ta Banikanni, wani ɗan acaɓa ya rage gudu ya ƙwala masa, "Kupe!"

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Igiya ko nama?"