Bangon da Muntaka ya zana uwarsa

Duk mai keke a Tudun Wada ya san shagon Muntaka mai zane, domin rabin furanni da dawisun da ke bayan kekunan garin daga hannunsa suka fito. Yana saurayi ya shiga makarantar zane ta gwamnati, zamanin da ake raba wa ɗalibai fenti da buroshi kyauta. Ɗalibanta ne suka cika Zariya da allunan shaguna da hotunan littattafan firamare.

Al'adar makarantar, mai fita sai ya bar aikinsa a bango. Muntaka ya samu bangon bakin ƙofa, ya zana uwarsa, Inna Maijidda, zaune tana dama fura. Tsohuwar har ta koma ga Allah ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba, wannan ma a ɓoye ya yi shi. Ba inda fuskarta ta rage a duniya sai nan. Shekara da shekaru yakan biya, ya tsaya, ya yi mata addu'a.

Gwamnati kuwa ta daɗe da mantawa da makarantar, rufi na yoyo, tukwanen ɗalibai sun zama gidan gizo-gizo. Bana sai ga labari Kwamishina zai zo bikin cika shekara hamsin. Kun dai san halinmu in babba zai zo, har gindin bishiya sai an shafa wa farar ƙasa. Kwamitin biki suka sa aka kankare bangon tas, aka yi sabon filasta. A makarantar zane fa!

Don rashin ta-ido, Muntakan suka aika wa ya zo ya rubuta "Barka da zuwa". Shugaban kwamiti, Malam Sharfaddeen, ya nuna masa wurin.

"Malam, ina matar da ke nan?"

"Wai tsohon zanen? Ai ya koɗe, Baba. Ka sake mana wani bayan biki."

"Ka san ko wace ce?"

"Mai fura ce dai."

Muntaka ya tattara gwangwanayensa ya fice.

A shago ya jingina katako, ya fara zana ta da ka. Ƙwaryar ta fito, ludayin ya fito, ɗankwalin ma haka. Da ya zo fuska, sai ya ga ta wata mata ce can daban. Ya goge, ya sake. Wata ce dai.